Yadda ake bin abincin Tailan yanki-yanki, da yadda za ka gwada wasu a kicin ɗinka

Yawancinmu ta buhun shinkafa muka san Tailan. Shekaru da dama 'yar Tailan na cike da kasuwanninmu, daga Singa ta Kano har zuwa Maraɗi. Sai dai wannan shinkafar da aka yi wa gumi, domin kasuwannin waje ake sarrafa ta, mutanen ƙasar ba ita ce cimarsu ba. Su nasu iri biyu ne, kuma irin da aka ajiye maka a gaba shi zai fara gaya maka girkin wane yanki kake shirin ci. Wanda ya ci pad thai, soyayyiyar taliyarsu, sau ɗaya a otal ya ce ya san abincin Tailan, bai ko taka bakin ƙofa ba, domin girkin ƙasar kashi huɗu ne, kowanne da halinsa.

Mataki na farko: riƙe taswirar a kanka, ka dubi shinkafar

Akwai Tsakiya, inda Bankok take, ƙasar fadama da kogin Chao Phraya ke shayarwa. Akwai Arewa mai tsaunuka, babban birninta Chiang Mai, tana maƙwabtaka da Myanmar da Laos. Akwai Arewa maso Gabas da suke kira Isan, tudu ne mai ƙarancin ruwa, kogin Mekong ya raba shi da Laos. Sai Kudu, siririyar ƙasa mai teku hagu da dama, wadda ta gangara har iyakar Malesiya.

A Tsakiya da Kudu farar shinkafa mai ƙamshi ake ci, hom mali, wadda ke dahuwa da laushi. A Arewa da Isan kuwa shinkafa mai danƙo ce, khao niao. Ba a dafa ta cikin ruwa. Jiƙa ta ake yi ta kwana, a turara ta cikin kwandon gora, a kawo ta a ɗan ƙaramin kwando mai murfi. Da hannu ake ci: ka gutsuro, ka mulmula, ka dangwala. Wannan ne dalilin da ya sa abincin waɗannan yankuna biyu ya fi karkata ga gashi da kwaɗo da abin dangwale, ita kuwa farar shinkafa miya mai romo take so.

Mataki na biyu: san kayan da ke ba girkin ɗanɗanonsa

Mai girki a Tailan ba da gishiri yake gyara miya ba, da nam pla yake yi, wato ruwan ƙananan kifin teku da aka jera da gishiri aka bari suka tsumu wata da watanni. Akwai kuma kapi, dunƙulen ƙananan jatan lande da aka tsuma. Duk wanda ya san aikin daddawa a miya ba zai yi gardama da su ba: wari a hannu, daɗi a tukunya. Tsami daga lemun tsami ko tsamiya yake zuwa, zaƙi daga sukarin giginya ko na kwakwa, yaji daga ƙananan barkono masu zafin gaske. Ƙamshin kuma na abu uku ne: ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sawa a shayi, da kha wadda 'yar'uwar citta ce amma ba ta kai ta yaji ba, da ganyen wani lemo da ake kira makrut.

Barkonon da ake yi wa ƙasar kirari da shi baƙo ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, 'yan kasuwar Fotugal suka kawo shi yankin bayan sun isa Ayutthaya, babban birnin ƙasar a lokacin, a 1511.

A tebur, cokali ne a hannun dama, mai yatsu a hagu yana tura abinci cikin cokalin. Tsinken cin abinci na taliya ne kawai. Ba a kawo abinci ɗaya bayan ɗaya. Komai a tsakiya ake jerawa, kowa da farantin shinkafarsa, kana ɗiban cokali ɗaya ko biyu daga kowane kwano. Saboda haka in kun kai ku uku, kada kowa ya yi odar abu guda. Ku haɗa miya mai kauri ɗaya, mai romo ɗaya, soyayye ɗaya, kwaɗo ɗaya.

Mataki na uku: warware maganar halal tun kafin yunwa ta kama ka

Nan ne ya kamata a tsaya a natsu. Naman alade shi ne naman yau da gobe a yawancin ƙasar, kuma yana shiga inda ido ba ya gani. Romon taliyar da aka ɗora wa kaza, sau da yawa da ƙashin alade aka dafa shi. Wasu da kitsensa suke suya. Ana cusa niƙaƙƙensa cikin wainar ƙwai da cikin ƙosan jatan lande. Taliyar da ake kira kuaitiao ruea da jini ake kaurara romonta. Cewa "ba ni na kaza" ba ya wadatarwa, balle kuma maganar yanka.

Hanya mafi sauƙi ita ce neman shagon Musulmi, kuma suna da yawa. Hukumar Musulunci ta ƙasar ce ke ba da shaidar halal, tambarinta mai kusurwa huɗu ne da kalmar halal da Larabci a ciki, za ka gan shi a jikin kwalaben miya da kayan gwangwani. Ƙananan shaguna kuma sukan liƙa alamar wata da tauraro. A Bankok, duba kewayen masallacin Haroon a unguwar Bang Rak, da lungu na 7 na titin Phetchaburi wanda ba shi da nisa da kasuwar Pratunam inda 'yan kasuwarmu ke sarin tufafi, da lungu na 3 na titin Sukhumvit inda Larabawa suka yi sansani. Wannan na ƙarshen dai abincin Larabawa ya fi yawa a cikinsa, in na Tailan kake nema ka fi samu a biyun farko.

Haddace 'yan kalmomin nan. Mu alade, kai kaza, nuea naman sa, pla kifi, kung jatan lande, pu ƙaguwa. "Mai kin mu" na nufin ba na cin alade. "Mai phet" kada a sa yaji, "phet nit noi" a sa kaɗan. Harshensu yana da karin sauti, ana iya kasa gane lafazinka, don haka ka sa wani ya rubuta maka su da rubutun ƙasar a wayarka, ka riƙa nunawa.

Mataki na huɗu: fara da Tsakiya

Girkin Tsakiya shi ne wanda duniya ta sani, kuma shi ya fi sauƙin shiga baki, domin yana daidaita tsami da zaƙi da gishiri da yaji, ga madarar kwakwa tana kwantar da zafin. Fara da tom yum kung, romon jatan lande mai tsami da yaji, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun da aka gada a watan Disamba na 2024. Iri biyu ne, mai garau da mai kauri da aka zuba wa madara. Guntayen ciyawa da kha da ganyen makrut da ke yawo a ciki na ƙamshi ne, ba a taunawa, ture su gefe. In yajin ya fi ƙarfinka, koma ga tom kha kai, romon kaza da madarar kwakwa.

Daga nan sai koriyar miya, kaeng khiao wan, wadda ɗanyen barkono ya ba ta launi, da ƙananan gauta a ciki. Sai massaman, wadda daga hannun Musulmi ta shigo girkin ƙasar, kuma kayan ƙamshinta sun nuna hakan: kirfa, kanumfari, ga dankalin Turawa da gyaɗa da albasa, naman ya dahu luguf. Ga baƙon da bai saba ba, ita nake fara ba shi shawara.

Pad thai kuwa ba tsohon abinci ba ne kamar yadda ake zato. Gwamnatin Plaek Phibunsongkhram, wadda ta sauya sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan a 1939, ita ta tallata shi a matsayin abincin ƙasa. Taliyar shinkafa ce da ake soyawa da ruwan tsamiya da sukari da nam pla da ƙwai da awara, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa. Yana da daɗi, amma in kana son ka ci abin da ma'aikacin Bankok ke ci da rana, nemi pad kaphrao: niƙaƙƙen nama da aka soya da tafarnuwa da barkono da wani ganye ɗan gidan su ɗoɗɗoya, a kan shinkafa, da soyayyen ƙwai a sama. In ka samu kanka a can tsakanin Maris da Mayu, lokacin mangwaro ne, kada ka bar khao niao mamuang ya wuce ka, shinkafa mai danƙo da aka jiƙa da madarar kwakwa mai zaƙi, da yankan nunannen mangwaro a gefe.

Mataki na biyar: Isan, ko da ba ka je Isan ba

Mutanen Isan sun bazu a Bankok neman kuɗi, direbobin tasi da masu gini da masu sayar da abinci, suka taho da girkinsu. Duk inda ka ji ƙarar taɓarya cikin turmin ƙasa a bakin titi, ga hayaƙin gashin kaza na tashi, to ka iso. Abu uku ake haɗawa: som tam, wato kwaɗon ɗanyar gwanda, da kai yang, gasasshiyar kaza, da shinkafa mai danƙo. Babu madarar kwakwa a nan. Tsami ne da yaji da gishiri tsagwaronsu.

Som tam iri-iri ne. Tam thai, mai gyaɗa da busasshen jatan lande da ɗan zaƙi, shi ne na baƙo. Na 'yan gida shi ne mai pla ra, kifin ruwan daɗi da aka tsuma da gishiri da dusar shinkafa, wani lokaci har da ƙaguwar gona mai gishiri. Mai sayarwa za ta tambaye ka barkono nawa. Ce mata ɗaya. Turmin da ta daka na wanda ya riga ka bai rabu da yaji ba, saboda haka ɗayan nan ma ya fi ɗaya.

Sai lap, kwaɗon niƙaƙƙen nama da lemun tsami da garin barkono da na'a-na'a da garin soyayyiyar shinkafa. A nan akwai gargaɗi na gaske. Ana yin lap ɗanye, wani har da jini, ana kuma yin koi pla da ɗanyen kifin kogi. Ɗanyen kifin nan yana ɗauke da wata tsutsa mai zama a hanta, wadda likitoci suka tabbatar tana da hannu a yawan cutar dajin bututun matsarmama da ake fama da ita a yankin. Ka ce "suk", wato dafaffe, kada ka karɓi wanda ba shi ba.

Mataki na shida: hau Arewa

Chiang Mai na da nisan kusan kilomita 700 daga Bankok, jirgin ƙasa na dare yana kai mutum da safe. Sarki Mangrai ne ya kafa birnin a 1296 ya zama hedikwatar daular Lanna, daga baya Bama, wato Myanmar ta yau, ta mulki yankin kimanin shekara 200 tun daga 1558. Girkin ya riƙe wannan tarihi. Ba shi da zaƙi sosai, yana son ganyaye da ɗan ɗaci, kuma miyarsa ba ta cika ɗaukar madarar kwakwa ba tunda kwakwa ba ta yawaita a tsaunuka.

Gaskiyar magana, Arewa ce ta fi wa Musulmi wuya. Tsiran alade mai ganyen ƙamshi da ake kira sai ua, da miyar hang le mai asali daga Bama, da abin dangwalen nam phrik ong, duk da alade ake yin su. Nam phrik num, dakakken gasasshen koren barkono, shi kansa ba nama a ciki, amma da soyayyiyar fatar alade ake kawo shi, sai ka nemi naka da dafaffen ganye da shinkafa.

Abin da zai share maka hawaye shi ne khao soi, kuma shi ne ma abincin da birnin ya fi suna da shi. Ana danganta shi da fataken Musulmi 'yan lardin Yunnan na ƙasar Sin, waɗanda suka riƙa ratsa tsaunukan da alfadarai, shi ya sa asalinsa da kaza ko naman sa ake yi. Taliyar ƙwai ce cikin romon kori da madarar kwakwa, an ɗora wata soyayyiyar taliya mai ƙaras-ƙaras a sama. Za a kawo maka ɗan faranti da yankan albasa da ganye mai tsami da lemun tsami da soyayyen barkono. Kada ka zuba su gaba ɗaya. Kurɓi romon tukuna, matsa lemo, sa albasa da ganyen, barkonon kuwa da bakin cokali. Jikokin fataken nan suna nan a kewayen masallacin Ban Ho kusa da kasuwar dare, kuma a layin ne za ka ci shi hankali kwance.

Mataki na bakwai: gangara Kudu da shirin yaji

Kudu ce ta fi ko'ina yaji, ita ce kuma ta fi yawan Musulmi. Kurkur ya rina kusan komai rawaya, kifin teku kuma ba a maganarsa. Kaeng som, wadda 'yan Bankok ke kira rawayar miya, romon kifi ne mai tsami da zafi. Khua kling niƙaƙƙen nama ne da aka soya da kayan yaji har ya bushe. Kaeng tai pla da tsumammen kayan cikin kifi ake yin ta, ka bar ta sai bakinka ya saba. Kowane shago zai ajiye maka tiren ɗanyen ganye da kokwamba, da su ake kashe zafin, ruwa ba ya yi.

Za ka ga wasu korayen 'ya'ya manya cikin dogayen kwanso, ana soya su da jatan lande da kapi. Sato ke nan, kuma itacensa dangin ɗorawa ne na kusa, jinsinsu guda a ilimin tsirrai. Warinsa na bin mutum har washegari.

Ga wanda ba ya son wahala, akwai khao mok kai, dafa-dukan shinkafa da kaza mai kurkur, da soyayyiyar kazar birnin Hat Yai da ake lulluɓewa da soyayyiyar albasa, da roti da shayi da safe, da khao yam, kwaɗon shinkafa da ganyaye da ake zuba wa miyar kifi mai suna budu. Lardunan Pattani da Yala da Narathiwat sun daɗe da rikici, wanda ya tsananta tun 2004, don haka a bincika halin da ake ciki kafin a nufe su. Ana samun yawancin abincin nan a Hat Yai da Krabi da Phuket.

Mataki na takwas: gwada a gida

Abincin Isan ne ya fi sauƙin yi a wajenmu, domin kusan komai nasa muna da shi. Nam pla kaɗai za a nema a manyan kantuna, a duba tambarin halal a jikin kwalbar.

Som tam: a samu ɗanyar gwanda mai tauri wadda cikinta bai fara ja ba. A fere, a wanke ƙaron sosai, a goge ta sirara-sirara kamar cikin tafi biyu, a jiƙa a ruwan sanyi minti 10 don ta yi ƙaras, a tsane. A turmi, a daka tafarnuwa ƙwaya 2 da barkono 2 sama-sama. A zuba mazarƙwaila cokali 1 a madadin sukarin giginya, nam pla cokali 1 da rabi, ruwan lemun tsami cokali 2, a juya har mazarƙwailar ta narke. A sa ɗanyen koren wake da aka kakkarya, da busasshen jatan lande cokali 1, da soyayyiyar gyaɗa cokali 2, a ɗan ƙwanƙwasa. Sai ƙananan tumatir da aka raba biyu, sai gwandar. Daga nan ba daka ake yi ba: taɓarya na bugawa a hankali, cokali na juyowa daga ƙasa, kamar minti ɗaya. A ɗanɗana. Tsami ya kamata ya fara zuwa, gishiri da zaƙi su biyo shi. A ci nan take, in ya jima ruwa yake saki. Mai juna biyu ta haƙura da shi saboda ƙaron ɗanyar gwanda, ko ta yi nata da kokwamba da karas.

Lap na kaza: a soya ɗanyar shinkafa cokali 2 a busasshen kasko, wuta kaɗan, ana juyawa har ta yi ja ta fara ƙamshi, a daka ta amma kada ta yi laushi kamar gari. A sassara tsokar kaza rabin kilo da wuƙa. A dafa ta da ruwa cokali 3 ko 4, babu mai, ana wargazawa har ta dahu. A sauke, sannan a zuba lemun tsami cokali 3, nam pla cokali 2, garin barkono, yankakkiyar jar albasa, ganyen albasa da na'a-na'a mai yawa. Lemun tsami ba ya son wuta, shi ya sa sai an sauke. Garin shinkafar ne ƙarshen shiga, dab da ci, don kada ya jiƙe. A kawo da ɗanyen kabeji da kokwamba. Shinkafar tuwo ba za ta yi danƙon khao niao ba ko an turara ta, in ba a samu ta ainihi ba a ci da farar shinkafa kawai.

In aka samu kwaɓin massaman ko na koriyar miya na gwangwani, sirrin yana wajen madarar kwakwa. A goge kwakwa 2, a zuba ruwan ɗumi kofi 1, a matse a tace, wannan ita ce mai kauri, a ajiye ta daban. A ƙara ruwa kofi 2 a kan tuƙar a sake matsewa, a samu mai ruwa-ruwa. A ɗora rabin mai kaurin a wuta har mai ya fara tasowa, a soya kwaɓin a ciki sai ƙamshi ya tashi, a sa nama a juya, sannan a zuba mai ruwa-ruwan a bar shi ya dahu a hankali. Naman sa zai ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, dankali da albasa da gyaɗa su shiga a rabin awar ƙarshe. A gyara da nam pla da ruwan tsamiya da mazarƙwaila, a zuba sauran madarar mai kauri, ta tafasa sau ɗaya a sauke.